Nomau da Bahon Tabawa

A ƙauyenmu akwai wani mutum ana ce masa Nomau. Gidansa ɗaki biyu ne da rumbu, sai matarsa Tabawa. Ba shi da mugunta ko ta ƙwayar gero, illa dai duk abin da aka faɗa masa haka zai yi, ba ragi ba ƙari. A tsakar gidan akwai tsohon bahon wanka na ƙarfe, irin dogon nan na mutanen birni, wanda ya sayo a gwanjo, duk tsatsa ta ci shi. Da cikin Tabawa ya kai wata bakwai, ta ce ita dai a cikinsa take marmarin yin wankan jego. Nomau ya ce in Allah ya yarda za a gyara kafin ta sauka.

Wata rana ta tura shi gari wajen masu fenti ya ji kuɗin gyaran bahon, ta ce, "Malam, kada ka yarda da farashin farko." Na farko, wani Haladu, ya ce dubu takwas. Nomau ya ƙi. Na biyu ya ce sha biyar. Na uku ya dubi sabuwar hularsa ya ce, "Alhaji, talatin, don kai ne." Ya dawo yana murna.

"Tabawa, bahonki yana da daraja! Kowa ƙarawa yake."

Ta yi salati, ta ce ya koma wurin na farkon. Da Haladu ya gan shi ya dawo yana gumi, sai ya ce, "Ai tun ɗazu dala ta tashi. Sha biyu."

Wata rana ya tambayi Haladu abin da ke sa aikin tsada. Haladu ya ce, "Yawan tsatsa, yawan kuɗi." Nomau ya koma gida ya samu dutse da yashi, ya yi kwana uku yana gurza, har hasken rana ya leƙo ta gindin bahon. Haladu ya zo ya duba ya ce, "Tsatsa kam ta tafi. Amma huji sai walda. Sha takwas."

Wata rana kuma Haladu ya ce kuɗin motarsa zuwa ƙauye ne ke ƙara nauyin abin. Nomau ya ɗora baho a amalanke ya tura har gari. Haladu ya leƙo ya ce, "Ka tare mini gaban shago. Akwai kuɗin wuri."

Cikin Tabawa ya shiga wata tara kafin a gama. Baho ya fito fari fat kamar kindirmo. Haladu ya bugi ƙirji ya ce, "Wannan fenti? Ko tafasasshen ruwa ka zuba ba abin da zai yi. Gwada ka gani!"

Nomau ya tsallaka titi, ya saye tukunyar mai shayi gaba ɗaya, ya zo ya juye.

Haladu ya ce, "Kai, mahaukaci ne kai? Magana ce fa kawai!"

Fenti ya tattare, ya saɓule kamar ɓawon dafaffen dankali, wari ya tashi. Mutane suka taru. Wani tsohon mai fenti ya shinshina ya ce, "Fentin ƙofa ne wannan. Na baho daban yake, shi ya sa ya fi tsada. Da maijego ta shiga, da da fatarta zai fita." Ba a bar Haladu ba sai da ya sake aikin da fentin gaske, a kuɗin da aka riga aka yi.

Tabawa ta haifi mace, ta yi wankanta kwana arba'in lafiya. Ranar da ta gama ta ce, "Malam, wa ya koya maka wannan wayon?"

"Wane wayo? Cewa ya yi in gwada."

Ta dube shi. Can ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, "To kada ka daina sona."

Ya ce, "To."

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan, bai daina ba.