Ranar Da Na Shanya Jitar Lantarki

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya wawushe duk abin da ke kaina, da ranar auren Isuhu a Alƙahira. Farkon shekarun tamanin ne, muna ɗalibai, muna haya a unguwar Hayyus Sabi', mu uku a gida ɗaya: ni, da Isuhu mutumin Maraɗi, da Lawwali ɗan Gusau, wanda Allah Ya hore wa bakin tsiya. Isuhu ya samu mata, Nafisa, 'yar Hausawan Sudan, aka sa rana bayan jarrabawa, a tsakiyar zafi.

Ni kuwa a lokacin ba abin da ke raina sai jita. Wani maƙwabcinmu ɗan Sudan, Usman, shi ya koya mini da tsohuwar jitarsa ta katako, har na iya 'yan waƙoƙi, kaina ya kumbura. Ga kuma abin taƙama: kakana mai garaya ne, na mafarauta, kuma a gidansa na tashi. Duk inda aka zauna sai na sako zancen. (Tsakani da Allah, aikina a wajen kaka bai wuce riƙe masa jaka ba, amma wa zai tashi daga Masar ya je Katsina bincike?)

Da Isuhu ya ce zai ɗauko makaɗan Masar, sai na daka tsalle. "Haba Isuhu! Ina raye? Jikan mai garaya na gidan nan ka kira bare? Ni zan yi maka kiɗa, kuma da jitar lantarki!"

Isuhu ya kalle ni ya ce, "Ka tabbata? Dangin Nafisa sun san kiɗa fa. Don Allah kada ka ba ni kunya gaban surukai."

Na bugi ƙirji na ce, "Khalas, shi ke nan, ka bar mini." A ranar ya fasa makaɗan.

Washegari na ja Lawwali muka hau bas zuwa Wustul Balad, wato tsakiyar birni, ina ta rawar jiki kamar ni ne angon. Shagon da muka shiga akwai na'urar sanyaya ɗaki, sanyi ƙarara kamar cikin randa. Mai shagon, wani ƙato mai gashin baki da ake ce wa Ammu Sabri, ya jero mana jita uku: ja mai arha, fara wadda ko farashinta ban yarda na tambaya ba, da baƙa a tsakiyarsu, daidai aljihun ɗalibin da ya yi watanni yana cin wake da burodi.

Nan fa na naɗe hannun riga. Na ɗauki jar, na kanne ido ɗaya na leƙa wuyanta kamar mai duba sanda, na ga ya ɗan karkace. Na shafa 'yan ƙarafunan da ke jere a wuyan, suka karce ni. Na murɗa maɗaurin tsirkiya, yana lilo. Na ajiye ta ina taɓe baki. Baƙar kuwa, ya salam! Nauyi a hannu, wuya sambal, ƙarafuna sumul, ko'ina ƙam. Sai na juya bayanta na ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, na kara kunne, yadda kaka ke yi wa ƙoƙon garaya. Ban ji komai ba, don katako ne cunkus, babu rami a ciki. Amma na gyaɗa kai a hankali kamar ta raɗa mini asiri. Har shinshinar ta na yi.

Lawwali ya ce, "Ka ɗanɗana mana, ko da gishiri."

Ammu Sabri ya jona ta da wani akwatin sauti ya ce, "Yalla, buga." Na ja tsirkiya ɗaya. Wallahi sai da gilashin shagon ya amsa! Na ji kamar in rungume mutumin nan. Ya ce in haɗa da akwatin, na ce aljihu ya ƙare, kuma ai Isuhu zai yi hayar lasifika ranar biki. Na fito da jitata ina tafe ina murmushi ni kaɗai, ko a bas ban yarda kowa ya goge ta ba.

Muna isa gida na jona ta da rediyo mai kaset ta Lawwali, na gyara tsayuwa, na buga. Abin da ya fito kamar sauro ya maƙale a gwangwani. Lawwali ya faɗi ƙasa yana dariya. "Wannan ce za ta tashi unguwa? Ai ko kyanwar mai gadi ba za ta tasa ba!"

Na zuba wa jitar ido. Na tuna fuskar Isuhu da maganar surukai. Maimakon in gane cewa rediyon ce ba ta da ƙarfi, sai wani haske (haka na ɗauka a lokacin) ya zo mini. Duk sanda muryar garaya ta dushe, kaka cewa yake sanyi ya shiga fatar, sai ya jingine ta a rana ko kusa da wuta, fatar ta ɗame, murya ta dawo tar. To ina aka ajiye jitar nan wata da watanni? A shago mai sanyin randa!

"Sanyi ne ya kama ta," na ce. "Shanya take so."

Lawwali ya juya ta gaba da baya. "To ina fatar take a nan?"

"Kai Lawwali, wannan ilimin gado ne. Ba a aji ake koyar da shi ba."

Ranar biki da sassafe na hau saman bene inda za a yi walima, na kwantar da ita a kan tankin ruwa, fuskarta na kallon sama, na tafi wajen ɗaurin aure hankalina kwance. Baƙar jita, tsirkiyar ƙarfe, ranar Alƙahira ta tsakiyar bazara. Ku dai ku lissafa da kanku.

Bayan la'asar bene ya cika maƙil. An kafa rumfa, an jera kujeru, matan Sudan sun sha lalle, turaren wuta na tashi. Ni kuma na ci ado: wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa, riga shara-shara na bar maɓallai a buɗe, suma ta sha mataji. Isuhu ya ɗauki makirufo ya ce, "Jama'a, ga ɗan'uwana, jikan mai garaya, zai nuna mana abin da ya gada!" Aka ɗau tafi. Zuciyata fari ƙal, ina jin yau ce ranata.

Da maɗaurinta na fata na ɗago ta, shi ya sa ban ji komai ba. Na taho ina taku ɗai-ɗai, na tsaya bakina dab da makirufo, na rataya ta a wuya, na cafki tsirkiyoyin da hannun hagu. A daidai lokacin wani faifan ƙarfe da ke bayanta ya manne a tumbina.

"Wayyo Inna! Wayyo Allah, ta cije ni!"

Lasifikar hayar nan ba ta rage ko harafi ba, ta watsa shi har titi. Na hau tsalle ina yarfe hannu, ina banƙare ciki, maɗauri ya sarƙe da wayar makirufo, jita ta ƙi fita. Abin takaicin, wasu mata can baya sun zaci salon buɗe fage ne, suka rangaɗa guɗa! Da ƙyar na tuɓe ta. Robar da ke fuskarta ta kanannaɗe kamar kilishi.

Gwaggon amarya, Hajiya Batula, ta taso da sauri. "Subhanallahi! Ɗana, wutar lantarki ce ta ja ka?"

Kafin in buɗe baki Lawwali ya karɓe, kuma a makirufo: "A'a Hajiya, ko jona ta ba a yi ba. Shanya ta ya yi tun safe. Ilimin gado ne."

Benen nan ya kece da dariya, har da masu leƙe daga tagogin maƙwabta. Na saci kallon Isuhu, na ga shi kaɗai ne bai dara ba, ya sunkuyar da kai kusa da surukinsa. Wannan ya fi mini ƙunar zafi. Yatsuna sun tashi, kiɗa dai babu shi, kuma ni na sa ya kori makaɗa. Hajiya ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri ɗana," ta kama hannuna ta tsoma a kwanon zoɓo mai ƙanƙara, don shi ne abu mai sanyi mafi kusa.

Allah Ya sa Usman na cikin baƙi. Ya ja jitar inuwa, ya bari ta huce, ya ɗaɗɗaure tsirkiyoyin, ya jona ta da lasifika, ya buga. Jama'a, muryar nan ta shago ta dawo, har ta fi! Mata suka miƙe, aka shiga rawa, surukin Isuhu da kansa yana kaɗa sanda sama. Da aka tsaya shan iska Usman ya ɗaga ta ya ce, "Wallahi wannan mai kyau ce. Ta wuni a rana wuyanta ko gezau. Wa ya zaɓo ta?"

Ni da ya kamata in nutse ƙasa, sai na zaro hannu daga kwano, jajir, zoɓo na zuba har gwiwar hannu, na ce da ƙarfi, "Ni ne!" A nan ne Isuhu ya kasa daurewa, ya yi dariya har da hawaye. Ya zo ya dafa kafaɗata ya ce, "Na yafe maka. Amma ranar suna, ka zo da hannunka kawai."

Tun daga wannan ranar, sunana ya koma Mai Shanya, kuma ya biyo ni har gida. Abin da na koya shi ne, zaɓen kaya na iya, riƙon su ne sai a hankali, kuma kafin in sake cewa ilimin gado, sai na fara duba ko akwai fata. Jitar tana nan har yau, muryarta garau. A ƙarƙashin gado nake ajiye ta, inda rana ba ta kaiwa.