Yadda Ake Rabuwa Da Akwatin Celestine

Abokin zamanka ya tashi ya bar maka tarkace, kuma kullum yana tafe wai ya zo duba su? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ko inuwarsa ba za ka ƙara gani ba. A wurin Mala na samo su, wani tela a Fagge. Shekara uku suna ɗaki ɗaya da Celestine, ma'aikacin reluwe, kafin Celestine ya auri Agnes ya koma Sabon Gari.

1. Ware mai amfani

Celestine ya bar garmaho, na'urar sa faifan waƙa, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Garmaho amana ce, amana kuwa ba a barin ta ta yi tsatsa, shi ya sa Mala kullum sai ya juya shi. Akwatin ne ya tare wuri.

2. Lura da lokacin zuwansa

Kowace Lahadi in an taso daga coci, daidai lokacin da tuwon Yagana, yayar Mala, ke isowa. Celestine ya juya baya ya buɗe akwati, ya rufe, ya ce, "Mala, kayana lafiya," sannan ya wanke hannu. Riƙe wannan: mai duba kaya ba ya wanke hannu.

3. Zuba barkono

Mala ya roƙi Yagana ta cika miya da barkono. Celestine ya share gumi ya ce, "Yau Yaya ta tuna da ni!" Ya siɗe kwano tas. Mala ne ya yi kwana biyu yana zarya da buta.

4. Ɓuya

Kulle ƙofa, ka shige ƙarƙashin gado. Amma ka tabbata ka karɓe mabuɗinsa tukuna. Mala ya manta. Celestine ya buɗe, ya ci tuwo, ya sa faifai, ya miƙe a kan gadon har la'asar. Mala na ƙasa yana haɗiye atishawa.

5. Kai masa har gida

Ranar Asabar Mala ya ɗaure akwati a bayan keke, ya tura har Sabon Gari. Celestine na wurin aiki. Agnes ta kawo masa ruwa.

"Malam Mala, akwatin wa?"

"Na maigidanki."

"Wanda ya ce ɓarayi sun ɗauke?"

Ta ɗauko taɓarya ta fasa kwaɗon. Wasiƙu ne fal da hotuna, duk daga wata Nneka, ta ƙarshe kwananta shida. Mala ya ajiye ruwan bai sha ba, ya hau keke.

6. Share ɗaki

Share shi da kyau, domin kafin la'asar sakaliya sai ga Celestine a ƙofa, katifa a ka, goshi a kumbure.

"Mala, matsa. Kai ka jawo."

Mala ya matsa.

Gargaɗi: wanda ya bi matakan nan ya ga ba daidai ba, kada ya nemo ni. Ban san shi ba, ban taɓa ganin akwatin ba, kuma ranar ina Rijiyar Lemo wajen suna, ina da shaidu.