Jama'ar Mista Jatau

Duk wanda ya ce ya zauna a Samaru a zamanin Turawa amma bai san Mista Jatau ba, to ba zama ya yi ba, wucewa ya yi. Allah ya yi mutane iri-iri, amma da ya zo kan Mista Jatau sai da ya natsu. Akawun sito ne a gonar gwaji, shi ke riƙe da makullin ɗakin da ake ajiye fartanyu da buhunan iri. In ka ji shi yana ba da labarin aikinsa kuwa, sai ka rantse damina ba ta sauka a ƙasar Zazzau sai ya sa hannu. Farin gajeren wando, doguwar safa har gwiwa, alƙalami soke a bakin safar, hular kwano a ka ko da hadari ya rufe gari. In ka gaishe shi ba ya amsawa da baki. Kai yake ɗan gyaɗawa, a hankali, don kada ilimin da ke ciki ya zube. A gabansa ana ce masa Mista, a bayansa kuwa Mataimakin Gwamna.

Abu biyu yake taƙama da su, motarsa da jama'arsa. Abu ɗaya kuma yake nema ido rufe: kujerar shugaban ƙungiyar 'yan ƙasarsu mazauna Zariya. Tsohon shugaba ya koma ƙauye, an sa ranar zaɓe bayan girbi, a wani gida a Jushi cikin Sabon Gari. Mista Jatau har ya kai ɗinkin kwat.

Motar, wani Bature ne ya bar masa da zai koma gida. Wasu sun ce sayar masa ya yi, wasu sun ce gudu ya yi ya bar ta. Ƙatuwa ce, baƙa, da matakala a kowane gefe, cikinta kamar rumbu. Shi yana kiranta Gimbiya. Mutanen Samaru suna kiranta Sai-an-tura, kuma sun fi shi gaskiya, don tun da ta shigo hannunsa ba ta taɓa tashi da kanta ba.

To, daga Samaru zuwa Sabon Gari akwai tafiya, kuma a zamanin in ba ka da keke, ƙafarka ce abin hawanka. Mista Jatau kuwa kusan kullum yana da uzurin shiga gari, wai duba kayan gwamnati a tashar jirgi. Sai aka sami wata doka wadda ba wanda ya taɓa faɗinta da baki: wanda ya tura, ya hau. Gari na wayewa ƙofar gidansa ta cika. Ga mata da kwandunan tumatir, ga Dogo mai kaji, ga tsohuwa Doguwa da ƙwaryar daddawa, ga wanda zai je asibiti, ga wanda zai je kallon kasuwa kawai.

Shi kuwa gogan sai ya fito ya tsaya bakin ƙofa, ya riƙe ƙugu, ya kira matarsa.

"Tabita, leƙo ki gani. Ko hakimi bai tara wannan da sassafe ba. Jama'a ba sayenta ake yi a kanti ba, halin mutum ke jawo ta."

Tabita takan leƙo, ta ga kaji, ta koma bakin murhu.

Daga nan sai ya shiga ya kama sitiyari, jama'a su jeru a baya. Tura abu mai nauyi irin wannan yana son hannu ya zo ɗaya, don haka Dogo ya ƙirƙiro musu kirari. Ya ce, "Jatau bango, madafar bayi!" su amsa, "Sai kai!" su danna. Ya ce, "Giwa mai tafe da jama'a!" su amsa, "Sai kai!" su sake dannawa. Amfaninsa ɗaya da na waƙar daka. Amma Mista Jatau yana ciki yana lumshe ido, yana jin kansa na ƙara faɗi cikin hular kwano. In Gimbiya ta yi tari ta tashi, kowa ya bi da gudu ya ɗare inda ya samu.

Da an bar shi haka da ya mutu da farin ciki. Sai wata rana a mararrabar jirgi, suna jiran a buɗe hanya, wani sabon Baturen gona ya tsaya a gefensu cikin 'yar motarsa. Ya dubi mutanen da ke maƙale a matakala, ya dubi zakaran Dogo da ya ɗora kai a kafaɗar direba, ya tambaya da fara'a ko Mista Jatau haya yake yi bayan aiki. Ranar Mista Jatau ko tuwo bai iya ci ba.

Nan aka shiga shawara: a ci gaba da Gimbiya ko a sake mota? Ya shawarci kowa, wato ya tsare kowa ya saurare shi. Ya shawarci lebura, ya shawarci mai aski, ya shawarci fasto a ƙofar coci har abincin fasto ya huce. Yau ya ce Gimbiya tarihi ce, ba a sayar da tarihi. Gobe ya ce zamani ya juya, ƙasa na shirin mulkin kai, bai kamata shugabanninta su riƙa warin daddawa ba. Duk wanda ya buɗe baki zai ba shi shawarar da ya nema, sai ya ɗaga masa hannu ya ce bai gama ba.

A wani kanti a unguwar PZ ya ga wata sabuwar mota. 'Yar ƙarama, mulmulalliya, kalar ƙwai, tana sheƙi. Felix mai sayarwa ya karanci mutumin tun daga safarsa.

"Oga, wannan ba na kaya ba ne, na babban mutum ne. Ka murɗa makulli, ya tashi. Babu turawa."

"Mutum nawa take ɗauka?"

"Huɗu, Oga. In sirara ne."

Mista Jatau ya shiga ya zauna. Hular kwano ta daki rufi, ya cire ta ya ɗora a cinya, ya ga fuskarsa a madubi, shi ke nan shawara ta ƙare.

Tabita ce kaɗai ta yi magana. "Baban Lydia, ka bari a yi zaɓen nan tukuna mana. Mutanen nan da me za su je Jushi? Don tuwon gobe ake wanke tukunya."

"Tabita, abin da ya sa nake cewa a sa mata a makaranta ke nan. Shugaba ba ya shiga taro da zakara a wuya. Jama'ata ni suke zuwa gani, ba ƙarfe ba. Ko a kan jaki suka gan ni za su biyo ni."

Gimbiya kuwa Sati ya saye ta, wani ɗan ƙasarsu mai sayar da itace, wanda ya koyi tuƙi a wajen masu manyan motoci. Mutum ne mai dariya da dukan haƙora, kuma Mista Jatau bai taɓa ganin ya isa a gyaɗa masa kai ba ma. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ranar da aka tura ta zuwa ƙofar Sati, rabin unguwa ya bi ta. Mista Jatau ya tsaya yana kallo, ya ce wa Tabita dubi yadda jama'a ke taya shi baƙin cikin rabuwa.

Washegari mutane suka zo da kayansu kamar kullum. Ya fito ya yi musu jawabi. Ba kaza, ba daddawa, ba mai taɓa fenti da hannu, yara kuma su yi kallo daga nesa. Ya shiga sabuwar motar ya murɗa makulli, ta tashi sumul. Dogo ya riga ya buɗe baki zai fara kirari, ya ga babu abin turawa, ya rufe bakinsa. Mista Jatau ya ɗaga musu yatsu biyu ya wuce, ya bar su da kwanduna a ka.

Kafin mako ya zagayo ƙofar gidansa ta koma fili, sai awakin maƙwabta. Bai damu ba. Ya ce kwarjinin mota ne, talaka yana jin nauyin sabon abu. In ya wuce su wajen Palladan cunkushe cikin Sai-an-tura, yakan danna musu ƙaho, su ɗaga hannu, shi kuma ya ƙirga hannuwan a matsayin ƙuri'a.

Ranar zaɓe Tabita ta dama kunu babbar tukunya don taro. Ya dubi tukunyar, ya dubi kujerun motarsa, ya ce ita da kununta su nemi hanya. Ya sa sabuwar kwat ya tafi shi kaɗai. Ya riga kowa isa, ya shige da mota can ƙuryar tsakar gidan, gindin mangwaro, inda duk mai shigowa zai fara cin karo da sheƙinta. Ya zauna a kujerar gaba ya ɗora ƙafa kan ƙafa. 'Yan ƙungiyar da ke zaune a Sabon Gari ba su da yawa, suka gaishe shi, ya gyaɗa kai.

Can sai aka ji rugugi da waƙa. Sai-an-tura ce, ɗauke da Samaru gaba ɗaya, mutane har kan rufi, Tabita a tsakiya rungume da tukunya. Motar ta kawo hancinta cikin ƙofar gidan, ta yi atishawa, ta mutu a nan.

Mista Jatau ya yi jawabi mai tsawo. Ya yi maganar ci gaba, ya yi maganar wayewa, ya kawo Turanci inda Hausa ta gaza ɗaukar nauyin tunaninsa. Ya tuna musu shekarun da suka yi suna sammako ƙofarsa don ƙauna, ya ce bai manta ba. Da ya zauna aka tambaya ko akwai wani ɗan takara, don cika al'ada kawai. Tsohuwa Doguwa ta miƙe tana dafa gwiwa.

"Ni dai ban iya dogon zance ba. Wanda ya kawo ni, shi zai mai da ni. Na ce Sati."

Aka ce masu son Sati su ɗaga hannu. Gidan ya koma gonar dawa. Aka ce masu son Mista Jatau. Hannu ɗaya ya tashi, cikin sabuwar kwat. Ya waiga wajen Tabita. Ita kuwa a daidai lokacin ɗankwalinta ya so kwancewa, ta sa hannu biyu tana gyara shi har aka gama ƙirge.

Bai tsaya shan kunu ba. Ya shiga 'yar motarsa, ya murɗa makulli, ta tashi sumul kamar yadda Felix ya yi alkawari, ta kawo shi har gaban Sai-an-tura ta tsaya. Ƙofar gidan ɗaya ce, kuma Gimbiya ta cika ta. Ya danna ƙaho. Ya sake dannawa. Sai da aka shanye kunu tas sannan sabon shugaba ya zo yana dariya.

"Mista, sai haƙuri. Ai ka fi kowa sanin halin motan nan. Ga shi maza sun ƙoshi, sun yi nauyi. Sa mana hannu a fitar da ita, ka sami hanya."

Ya duba hagu, ya duba dama, babu wata ƙofa. Ya fito. Ya sami wuri tsakanin Dogo da Tabita, ya ɗora tafukansa a kan ƙarfen da bai taɓa taɓawa daga waje ba. Dogo ya gyara murya.

"Sati bango, madafar bayi!"

"Sai kai!"

"Giwa mai tafe da jama'a!"

Ko kalma ɗaya ba a sake ba, sai sunan. Kuma wanda bai amsa ba hannunsa ba ya zuwa daidai da na mutane, don haka kafin a kai titi an ji muryar Mataimakin Gwamna a cikin amshi, ƙasa-ƙasa. Gimbiya ta yi tari, ta fesa wa farar safarsa baƙin hayaƙi, ta tashi. Kowa ya bi da gudu ya ɗare. Shi kaɗai ya rage tsaye a titi yana haki.

Doguwa ta leƙo ta taga, ta dube shi da tausayi, ta zunguri na kusa da ita.

"Kai, ku matsa wa Mista mana. Ai ya tura."