Benen da Ke Warkar da Ma'aikata

Jama'a, yau aka sanar da ni cewa na warke. Ni dai ban ji a jikina ba, amma tunda daga sama labarin ya fito, na karɓa.

A ma'aikatarmu duk wata sai an cire mana kuɗin inshorar lafiya, ba a taɓa mantawa ba, Allah ya saka wa manya da alheri. Dokar kuma mai sauƙi ce: mara lafiya ya kawo kansa gaban Mai Girma Jami'in Walwala, ya gan shi da idonsa, sai a ba shi hutu ba a taɓa albashinsa ba. Ofishin yana can ƙololuwar bene. Lif kuwa na manya ne, don kada su gaji.

Da ƙafata ta kumbura, na lallaɓa na hau ina dafa bango.

"Da ƙafarka ka hawo?" in ji Mai Girma.

"Da ita, ranka ya daɗe."

"To ai lafiyarka ƙalau. Koma bakin aiki."

Na tura mai ɗakina, aka ce mai ciwo ake nema, ba mai jinya ba. Baba maigadi ne ya tausaya mini, ya goya ni har ciki. Mai Girma ya ga ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba, nan take ya amince.

Washegari Baba ya tashi bayansa a riƙe. Yau na je gidansa dubiya, aka ce ya tafi ofis. Na same shi zaune a gindin bene yana kallon matakala. In bai hau ba babu albashi, gidansa kuwa ba a ɗora tukunya sai da shi. Samarin ofis duk sun sulale, kowa na tattalin bayansa.

"Kada ka soma, ɗan nan," ya ce. "Za su ƙwace hutunka."

"Baba, hau bayana kawai."

Na sha wuya, har hawaye na yi a hanya. Mai Girma ya amince da hutun Baba, sannan ya juyo gare ni da fara'a: "Barka da samun sauƙi. Gobe ka fito aiki."

Don haka masu cewa inshorarmu ba ta warkar da kowa su iya bakinsu. Ni ta warkar da ni, ko allura ba a yi mini ba. Takalmina ne kawai har yanzu labarin bai kai gare shi ba.