Kifin Dakta Bincike-ya-nuna

Duk wanda bai san Dakta ba, to bai san ruwa ba, sha kawai yake yi. Allah ya yi wa tafkin garin gata da ya haɗa shi da wannan bawa nasa, masanin muhalli, shugaban shirin kula da tsabtar tafki da duk rafukan da ke zuba a cikinsa. Kafin zuwansa ruwan tafkin kore ne mai wari. Bayan zuwansa ma kore ne mai wari, amma yanzu yana da shugaba.

Ma'aikatansa Bincike-ya-nuna suke ce masa, a bayan idonsa dai, don ba ya buɗe baki sai da wannan magana. Ko shayi aka kawo masa ya huce, sai ya ce bincike ya nuna masinja ya tsaya hira a hanya. Yana da takalmin roba dogo har gwiwa, fari tas, wanda tun da aka sayo shi laka ba ta taɓa yi masa rashin kunya ba.

Ranar ɗibar ruwan gwaji kuwa ranar kallo ce. Mota za ta kai shi bakin dakalin siminti, daidai inda wani ɗan rafi mai ruwa garai-garai ke gangarowa daga dutse ya shiga tafkin. Nan zai durƙusa a kan kwali, ya cika kwalba, ya ɗaga ta sama yana ƙanƙance ido har mai hoto ya ce ya isa. Can tsallake, inda magudanar masana'antu da wankin takin gonaki ke kwarara, ba a taɓa ganin ƙeyarsa ba. Wata sabuwar ma'aikaciya ta taɓa tambaya ko za a leƙa can. Ya dube ta ta saman tabarau.

"Yarinya, bincike ya nuna tafki ɗaya ne. In likita ya ɗebi jini a hannu, sai kuma ya koma ya ɗiba a ƙafa?"

Haka sakamako yake fitowa daga ɗakin gwaji kullum fes, abin sha'awa.

Amma babbar hujjar Dakta tana cikin ofishinsa, a akwatin gilashi kusa da taga. Ɗan kifi ne, karfasa, da wani masunci ya kamo masa daga tafkin. Ya raɗa masa suna Shaida, ya manna takarda a jikin gilashin da manyan baƙaƙe: RUWAN TAFKINMU. Duk baƙon da ya shigo, kafin a ba shi kujera sai an kai shi ya gaida Shaida.

"Ku dube shi da kyau. Kifi ba ya karɓar cin hanci, ba ya siyasa. In ruwa ya lalace shi ne farkon faɗa."

Kuma gaskiya ne, Shaida ya faɗa. A farkon zuwansa da ruwan tafkin aka cika masa akwati, ba a jima ba ya kwanta a gefe yana haki. Dakta ya rufe ƙofa, ya kwashe ruwan da kofin shayinsa, ya juye masa ruwan gora na shan manyan baƙi. Kifi ya farfaɗo. Tun daga ranar da hannunsa yake sauya ruwan, ƙofa a kulle. Bai kuma ɗauki wannan a matsayin ƙarya ba, tunda bincike ya nuna duk ruwan duniya daga gajimare yake.

Abin da ba a yi zato ba shi ne son kifin ya kama shi da gaske. Mutumin da bai san ajin da 'ya'yansa suke ba, ya san ranar da Shaida bai ci abinci sosai ba. In an tashi aiki sai ya ja kujera gaban gilashin ya karanta masa jawabin gobe. A duk faɗin ma'aikatar, Shaida kaɗai ke sauraronsa har ƙarshe baki buɗe.

Mutum ɗaya ce ba ta san shi da Dakta ba, da Auta ta san shi. Yayarsa ce, wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma a tsallaken nan take zaune da jikokinta. Rannan ta faɗo ofis ba sallamar sakatare, ta zauna ta cire takalmi.

"Auta, na ji wai za ku cire allon da ya hana shan ruwan tafki."

"Yaya, a nan Dakta ake cewa."

"To Dakta Auta. Ka san saboda allon nan ake aiko mana da tankar ruwa. In an cire shi tanka ta daina zuwa, sai tafki. Yaran nan ko wasa suka yi a bakinsa sai ƙuraje da gudawa."

Ya ji nauyinta, don ba za a ce bai ji ba. Amma cire allon nan shi ne kammaluwar shirinsa, kuma an riga an raɗa masa cewa kujerar babban darakta na jiran wanda ya kammala. Ya kama hannunta ya kai ta gaban akwati.

"Yaya, dubi wannan. A ruwan yake kwana yake tashi. Kin ga ƙurji a jikinsa? Bincike ya nuna yaranku ba sa wanke hannu ne."

Ta daɗe tana kallon kifin. Ta sa takalminta ta fita, ko ruwan da sakatare ta kawo ba ta sha ba.

Ranar cire allo aka kafa rumfa a bakin tafkin. Don mutanen da abin ya shafa su shaida, shugabar hukumar da shirin ke ƙarƙashinta ta ce a yi taron a tsallake, gindin allon. Karo na farko ke nan da farin takalmi ya taka wannan ƙasa, kuma warin da ya tarbe shi sai da ya sa ya kawar da kai. Duk da haka ya zo da shirinsa. An ɗauko Shaida a bokiti mai haske, an ɗora kan tebur mai mayafi. Aka maƙala wa Dakta ɗan makirufo a wuyan riga, ya miƙe.

"Jama'a, lokacin da na karɓi wannan tafki, maraya ne. Ni na zame masa uwa, na zame masa uba. Yau bincike ya nuna ruwan nan, in ba don kunya ba, da a kwalba za mu riƙa sayar da shi. Wanda ke shakka, ga ɗan tafkin nan a gabanku, ya tambaye shi!"

Aka yi tafi. Shugabar hukumar, baiwar Allah mai saurin hawaye, abin ya taɓa mata zuciya. Ta tashi ta rungumi bokitin.

"Dakta, wannan kifi ya gama aikinsa. Kafin mu cire allo, bari mu mayar da shi gida wurin danginsa."

Tafi ya ƙaru. Masu hoto suka ruga bakin ruwa. Dakta ya bi ta yana murmushin da bai kai ciki ba, yana kame-kame. Ya ce kifin ya saba da ofis. Ya ce bincike ya nuna ba a sakin kifi da hantsi. Ba wanda ya ji, ana ta sowa. Shugaba ta durƙusa a bakin ruwan nan kore shar mai kumfa, ta karkata bokiti. Shaida ya matso bakin bokitin yana kaɗa jela, bai san komai ba.

Dakta dai ya so ya daure. Ya tuna kujera, ya tuna mota mai labule. Sai kifin ya juyo ya dube shi da bakin nan a buɗe.

"Kar ki zuba shi! Wallahi mutuwa zai yi!"

Ya manta da abin da ke wuyan rigarsa. Lasifika ta ɗauki maganar ta watsa har bayan rumfa. Ya yi tsalle ya fizge bokitin, santsi ya kwashe shi, ya zauna daɓas cikin laka har ƙugu. Amma a yaba masa, ko ɗigo na ruwan tafkin bai bari ya shiga bokitin ba, sama ya ɗaga shi da hannu biyu.

Mai riƙe da guduma a gindin allo ya sauke ta a hankali ya ɓoye a bayansa. Shugaba ta miƙe tana duban ruwan, tana duban Dakta, hawayen nan sun ƙafe.

Yaya ce ta ratso mutane ta zo bakin lakar. Ba ta ɗaga murya ba, makirufon ne ya ɗaga mata.

"Sannu Auta, Allah ya raya maka shi. In akwai sauran wuri a akwatin nasa, ka sa mini jikokina."