Batir Huɗu a Kan Rufin Kwano

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren Hajara 'yar hedimastanmu ba, kuma ko na so in manta, mutanen Kiru ba za su bar ni ba.

A farkon shekarun 1990 ne, ina koyarwa a wata firamare a Kiru. Na sayi wata kyamara ta hannu mai filas, wato fitilar nan da ke walƙiya a kanta, nan da nan na ɗauki kaina mai hoto. Matsalar filas ɗin ɗaya ce: cin batir kamar gara. Ƙananan batir huɗu take ɗauka, kafin a tashi daga suna ɗaya sun mutu.

Da bikin ya matso, Hedimasta ya ce zai ɗauko mai hoto daga Kano, saboda akwai hoto guda da ba ya son a yi wasa da shi. Mahaifinsa, Malam Babba, tsoho ne mai karantar da Alƙur'ani, bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Sai yanzu da Hajara za ta bi mijinta can nesa, ta yi ta roƙonsa har ya ce ya yarda, amma sau ɗaya tak, kuma a cikin zaurensa, don ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa. Ni da bakina na ce, "Yallaɓai, ina nan za a ɗauko bare?" (Har yau ban san abin da ya kai ni ba.)

Na hau mota zuwa Kano neman batir mai caji, wanda na ji an ce ba ya ƙarewa. Kuskurena na farko shi ne da na gaya wa mai kantin cewa ni malamin kimiyya ne. Ya ce, "To Malam, ai kai ba sai na yi maka dogon bayani ba." Ya zube batura kala uku da caja biyu, ya ce wannan mai sauri ce amma tana gajiyar da batir, waccan mai sanyin jiki ce amma tana raya shi. Ya nuna mini wasu lambobi a jikin baturan, ya ambaci awa goma sha huɗu. Na kasa gane ko awa sha huɗun na caji ne, ko na aiki, ko kuwa na hutawa. Ina ta gyaɗa kai ina "Haka ne, haka ne." Daga ƙarshe na zaɓi kore saboda ya fi nauyi a hannu, na ɗauki caja mai sanyin jikin saboda tana da 'yar jar fitila.

Na dawo Kiru na tarar kwana uku babu wuta. Ana gobe biki na hau babur na tafi Tiga wurin wani abokina ma'aikacin ruwa, don su ba a cika ɗauke musu ba. Muna jona cajar, jar fitila ta kama. Na ce ya cika ke nan. Abokina ya ce a'a, ja alamar yunwa ce, in ya ƙoshi za ta koma kore. Muka zauna muna kallonta kamar masu jinya, ba ta ce mana komai ba. Bayan awa biyu aka ɗauke wuta, gardama ta ƙare ba wanda ya yi nasara.

A nan ne ilimina na gado ya motsa. Kowa a garinmu ya san in batir ɗin rediyo ya yi sanyi, rana ake kai shi a shanya, in ya ƙi a ɗan cije shi. Na ce tunda wuta ta fara aikin, rana ta ƙarasa. Da safe na jera su a kan rufin kwano har suka yi zafin da ba a iya riƙewa. Na saka, na danna, filas ta yi wal. Na yi wa kaina kirari.

A wurin biki kuwa, mutanenmu ba su yarda hoto ya shiga ba sai sun ga walƙiya, ko da rana tsaka ne. Abokan ango suka ce, "Mai hoto, ba mu ga wuta ba, sake." Ni kuma ga batir da ba ya ƙarewa, na yi ta raba musu walƙiya kyauta. Batir ɗin da na saba da shi yakan yi gargaɗi, ya fara jan jiki kafin ya mutu. Na ɗauka wannan ma haka zai yi.

Bayan la'asar aka kira ni zaure. An naɗa wa Malam Babba rawani, Hajara ta durƙusa a gefensa a lulluɓe, Hedimasta da dattawa sun jeru jikin bango. Zauren duhu kamar cikin rumbu. Na gaishe shi, na ɗaga kyamara, na jira 'yar ƙarar da filas ke yi in tana shiri. Shiru. Na kashe, na kunna. Na juya baturan, na mayar. Na rasa ko cajar ce, ko ranar ce ta yi yawa, ko kuwa koren batir ɗin ne bai dace da filas ɗin ba.

Hedimasta ya ce a hankali, "Malam, lafiya?"

"Lafiya lau, Yallaɓai, tana tunani ne."

Na ga kafaɗun Hajara sun fara rawa a ƙarƙashin mayafi, na san kuka take. Hankalina ya tashi ƙwarai, don na san tsohon ba zai sake zama ba. Sai kawai na zaro batir ɗaya, a gaban surukai da malamai, na kai baki na gartsa masa cizo. Na rediyo yakan lotsa. Wannan ƙarfe ne zalla, ƙarar haƙorina har bakin ƙofa aka ji ta.

Malam Babba ya ce, "Ɗan nan, ba a ba ka abinci ba ne?"

Dole na fayyace komai, tun daga kanti har rufin kwano, hannuna dafe da kumatu. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya ko abin nan yana ɗaukar hoto a waje ba tare da walƙiya ba. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, yana ɗauka."

"To ku cicciɓe ni. Tunda shanya ake yi, ni ma a shanya ni."

Maza huɗu suka ɗauko shi da buzunsa, suka ajiye a ƙofar gida, mutumin da ya shekara biyu bai fito ba. Ya dubi kumatuna, ya dubi batir ɗin da ke hannuna da shatin haƙori, dariya ta ƙwace masa. Na ɗaga kyamara na danna.

Daga baya na koma na tambayi mai kantin, ba tare da na ambaci kimiyya ba, cikin minti biyu na gane komai: ashe awa sha huɗun na caji ne, ni kuwa biyu kawai na ba su. Tun ranar na koyi cewa "ban gane ba" ta fi "haka ne" sauƙi a haƙori.

Malam Babba ya rasu bayan damina biyu, kuma wannan ne hotonsa kaɗai a duniya. Duk wanda ya gan shi a ɗakin Hajara sai ya ce ashe Malam yana dariya haka. Ita kuwa ba ta taɓa gajiya da faɗin wanda yake yi wa ba.