Lagireton Shugaba Ba Ya Shan Ruwa

Garin da ya samu mutum irin Shugaba ya gama samu. Tsohon mai kula da sito ne a kamfanin taya, amma ranar da ya yi ritaya ya gano cewa shi injiniya ne tun asali, mutane ne ba su lura ba. Shi ke jan ragamar Ƙungiyar Masu Tsofaffin Motoci, wadda mambobinta za su cika benci guda in sun matsa wa juna. A gabansa Shugaba ake ce masa. A bayansa kuwa Farfesan Bonet, don iliminsa ya tsaya ne a buɗe bonet da riƙe ƙugu.

Motarsa, mai suna Dattijuwa, ta girmi aurensa. Kowace shekara ita ke gaba a jerin gwanon ƙungiya, daga gidan waya zuwa filin ƙwallo. Doka ta ce in motar shugaba ta mace a hanya, kujera ta koma hannun mataimaki. Shi ya kawo dokar da kansa, lokacin da wani ke kan kujerar. Mataimakin yanzu kuwa ƙanin matarsa ne, likitan haƙori, mai murmushi kamar yana tallan sana'arsa.

Ana saura kwanaki kaɗan a yi jerin gwanon, Dattijuwa ta fara jiƙa ƙasan gareji. Bakanike, mutumin da bai taɓa musa wa mai mota ba, ya kwance lagireto, ma'ajin ruwan sanyaya inji, ya nuna tsatsar da ta cinye shi. Shugaba ya tambayi abin da ke kawo tsatsa. Aka ce ruwa. Ya dubi sama, kamar mai jiran a ɗauke shi hoto.

Aka toshe ramuka da dalma, aka kankare, aka goge, har tagullar ta koma kamar zinariya. A rungume ya kawo shi gida. Ya tashi matarsa daga kujerar falo, ya kwantar da shi a kan matashi, sannan ya tara iyali.

"Masana sun daɗe suna ɓata," in ji shi. "Ruwa ne ya kashe wannan lagireto, ni na tashe shi. Yanzu kuma in mayar da shi hannun wanda ya kashe shi? Daga yau ko ɗigo."

Matarsa ta ce, "Maigida, ko butar shayi ka ɗora a wuta ba ruwa, gindinta ƙonewa yake."

Ya tausaya mata ƙwarai, ya roƙe ta ta bar kimiyya ga masu ita. Da labari ya kai wa bakanike, ya buɗe baki, ya dubi fuskar Shugaba, ya ce wallahi shi ma ya daɗe yana zargin ruwan nan.

Ranar jerin gwano aka mayar da lagireto cikin mota a bushe, Shugaba ya sa aka cire bonet gaba ɗaya, don kada a hana jama'a gani. Ya fito cikin fararen kaya, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya yana amsa gaisuwar da ba a yi ba. Allurar zafi ta fara hawa, ya rufe ta da hankici don tana raba masa hankali. Ƙauri ya taso, ya leƙa madubi ya girgiza kai: motar surukinsa ce, ba ya kula da ita. Inji ya soma ƙwas-ƙwas, ya ce muryar tsohon ƙarfe ke nan, na yanzu ba su da ita.

A shataletale Dattijuwa ta yi tari, ta yi atishawa, ta yi kif. Hayaƙi ya turnuƙe. Masu wankin mota na gefen titi suka zaci gobara ce, suka sheƙo da bokitai. Nan Shugaba ya nuna jarumtar da za a daɗe ana faɗa: ya yi tsalle ya kife a kan lagireto, ya baza riga.

"Ku zuba mini, kada ku taɓa shi!"

Mutanen kirki ne, ba su ƙi ba. Har da na kumfa.

Da igiya aka kai Dattijuwa filin ƙwallo, ɗaure a bayan motar likita, Shugaba na ciki, kaya na ɗiga. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho, amma Shugaba ko hohon bai ji ba, kumfa ta cika masa kunne. Ya hau benci ya shaida wa duniya cewa inji ne ya ci amana, lagiretonsa kuwa bai yi yoyon ko ɗigo ba. Ba wanda ya iya ƙaryata shi.

Sabon shugaba ya buɗe haƙora duka, ya ce, "Yaya, ilimi irin naka ba a bari ya tafi a banza." Nan take ya naɗa shi Babban Daraktan Kula da Lagireto na ƙungiya baki ɗaya. Tsohon Shugaba ya ji kalmar Babba, ya gyara jiƙaƙƙiyar hula, ya ce ya karɓa saboda al'umma, a kawo masa kayan aiki.

Matarsa ce ta miƙo masa su: jarka biyu, cike da ruwa.